Ƙayar Kifi Ce Ta Shiga Tsakanin Gombe Da Manyan Kasuwanni

Tun daga watan Mayu na shekarar 2023 da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, sa'an nan a watan Yuni darajar Naira ta faɗi, kifi ya shiga jerin abubuwan da magidanci yake lissafi sau biyu kafin ya saya. A unguwar Hammadu Kafi da ke garin Gombe, kamar sauran unguwannin da suka cika suka batse bayan da garin ya zama hedkwatar jiha a 1996, har yanzu da la'asar sakaliya masu suyar kifi suna kafa kasko a bakin hanya, har yanzu kuma matan aure suna aiken yara su sayo yanka biyu ko uku a jefa a miya. Abin da ya sake shi ne irin kifin da kuɗin talaka yake iya kaiwa gare shi. Wanda a da yake sayen titus, yau ya sauko kan shawa, ita kuwa shawa duk wanda ya taɓa cinta ya san yadda take cike da ƙaya.

Galibin jama'a ba su ɗauki ƙayar kifi a bakin komai ba. Abu ne da ake tsincewa a ajiye a gefen kwano, in ta maƙale a yi tari a kora da ruwa. Amma a ƙasashen da suka mai da kifi hanyar samun kuɗin waje, wannan 'yar ƙaya tana da doka, tana da ma'auni, akwai kuma ma'aikata da injuna masu tsadar gaske waɗanda ba su da wani aiki sai nemanta. Kifin da aka tabbatar babu ƙaya a jikinsa shi ne yake shiga manyan otal-otal da kantuna, shi ne kuma yake haye teku. Wanda ba a tabbatar ba sai ya tsaya a kaskon bakin hanya. Wannan batu ya shafi 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da Anacha ƙwarai da gaske, domin su ne suke zaune a bakin kasuwa, danginsu kuma suna zaune a bakin ruwa.

Hanyoyi Biyu Na Kifi

Kifin da ake ci a Gombe ta hanya biyu yake zuwa. Ta farko daga Kudu take tasowa. Jiragen ruwa suna sauke kifin ƙanƙara a tashar Apapa da sauran tashoshi, watau titus da kote da shawa da panla, waɗanda yawancinsu a tekunan waje aka kamo su. Ana shigar da shi ɗakunan sanyi irin na Ijora, daga nan manyan motoci su ɗauka su yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin su iso Gombe. Saboda haka duk ranar da dala ta hau, ko man dizal ya hau, sai kwalin kifi ya hau tare da su.

Hanya ta biyu ta gida ce. Kimanin kilomita 37 gabas da Gombe akwai madatsar ruwa ta Dadin Kowa, wadda aka kammala a 1984 a kan kogin Gongola, cikin ƙaramar hukumar Yamaltu Deba. Masunta suna fito da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da kawara daga wannan ruwa. Ban da su akwai masu kiwon tarwaɗa a kududdufan siminti da tankunan roba, sana'ar da ta yaɗu har ta kai Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka. Akwai kuma banda ta tafkin Chadi, wadda shekara da shekaru take gangarowa daga Baga ta Maiduguri har kasuwannin Anacha da Ikko, kafin rikicin Boko Haram, musamman harin da aka kai Baga a watan Janairu na 2015, ya karya bayan wannan ciniki.

A wajajen 2021 Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta bayyana cewa ƙasar nan tana bukatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, alhali abin da ake samarwa a gida bai wuce tan miliyan 1.1 ba. Wannan giɓi shi ne dalilin da ya sa kifin waje yake hawa Arewa. To, amma akwai abu ɗaya da kifin hanyoyin nan biyu suka yi tarayya a kansa: kusan dukansa da kansa da ƙashinsa da ƙayarsa yake isa hannun mai saye. Aikin raba tsoka da ƙaya an bar wa uwargida a madafa, ko kuwa an bar wa bakin mai ci.

Ƙaya Iri-Iri Ce

Duk masuncin da ya san aikinsa zai shaida cewa ƙashin kifi kashi uku ne. Akwai ƙashin baya, wanda yake fita ɗungurungum idan an bi gefensa da wuƙa. Akwai na haƙarƙari, wanda ya kewaye ciki, shi ma ana ganinsa da ido. Na uku shi ne mai ba da wahala, watau siraran ƙayoyin nan da suke kwance a cikin tsokar kanta, waɗanda ko an zare ƙashin baya suna nan ba su motsa ba.

Kifaye sun bambanta a nan. Tsage da kawara suna da waɗannan siraran ƙayoyi birjik, wasu ma masu baki biyu kamar gwafa, shi ya sa duk daɗin tsage uwaye ba sa son ba yara. Shawa ita ma tana da su da yawa. Karfasa tana da layi guda na gajerun ƙayoyi a tsakiyar tsoka, daga wajen kai zuwa kusan rabin jiki, ana kuwa iya yanke layin nan gaba ɗaya. Tarwaɗa tsokarta kusan fes take, haɗarinta yana wajen ƙayar fiffike, wadda ta ƙurungu ma ta fi ta ƙarfi da dafi a hannun mai gyara. Shi kuwa giwan ruwa, wanda ake samu a Binuwai da Kwara da tafkin Chadi, farar tsoka ce mai kauri, ƙasusuwansa manya ne masu sauƙin cirewa.

Idan aka dubi wannan jeri za a ga wani abin sha'awa. Kifin da ake ɗauko wa talakan Arewa daga nesa da tsadar dala shi ne mai yawan ƙaya, kifin da yake cikin ruwansa kuwa, watau tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, yana cikin waɗanda suka fi dacewa a sale su a fitar da tsoka zalla. Wannan tsoka da aka yanko daga gefen kifi, babu kai babu ƙashi, ita ce salar kifi, wadda masu dafa abinci a otal suke kira filet.

Yadda Ake Nemanta A Masana'anta

A masana'antun gyaran kifi na duniya matakai uku ake bi wajen neman ƙaya. Na farko, kuma wanda har gobe ba a daina ba, shi ne hannu. Ma'aikaci yakan shimfiɗa salar a kan tebur, ya bi tsakiyarta da ɗan yatsa daga wajen kai zuwa wutsiya, duk inda ya ji tsini sai ya sa hantsaki ya zare. Idan kifin na da layin ƙaya ne kamar karfasa, sai a sa wuƙa a yanke siririn yanki mai ɗauke da layin. A nan gwaninta take aiki, domin wanda bai iya ba zai yanke tsoka mai yawa tare da ƙayar, kowane giram da ya tafi kuwa kuɗi ne ya tafi.

Lokaci ma yana da nasa tasiri. Kifi idan ya mutu yakan sandare na wani lokaci kafin ya saki. Masu gyaran kifin salmon a ƙasar Norwe sun daɗe da sanin cewa kafin jikin ya saki ƙayar tana riƙe gam da tsoka, in aka ja ta sai ta karye ko ta yage naman. Guntun da ya karye ya zauna a ciki ya fi cikakkiyar ƙaya haɗari, domin yatsa ba ya jinsa.

Mataki na biyu shi ne teburin haske. Tebur ne mai farin saman da haske yake ratsawa, da fitila a ƙarƙashinsa. Idan aka ɗora sala a kai sai inuwar tsutsa ko gudan jini ko ƙaya ta bayyana. Yana aiki sosai ga farin kifi marar fata wanda bai yi kauri ba, amma idan tsokar ta yi kauri ko tana da duhu, haske ba ya ratsa ta. Ban da haka idon ɗan Adam yana gajiya, wanda ya yini yana duban kifi ba zai ga abin da ya gani da safe ba.

Mataki na uku shi ne na'urar hoton ƙashi, irin wadda ake amfani da ita a asibiti. Salar tana tafiya a kan bel, hasken na'urar yana ratsa ta, da yake ƙashi ya fi tsoka tauri sai ya fito da inuwa, kwamfuta ta gane inda yake. A shekarar 2014 kamfanin Marel na ƙasar Aisland ya fito da wani inji mai suna FleXicut, wanda yake ɗaukar hoton ƙayar sa'an nan ya yanke ta da siririn ruwa mai ƙarfin gaske maimakon wuƙa. An yi shi ne domin kifin kod, watau irin kifin nan da ake busarwa a Norwe ya zama okporoko, wanda duk mazaunin Kudu ya san shi a kasuwa. Aisland dai mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, amma da yake kifi ne arzikinta, ta zuba ilminta a kansa.

Ko wannan na'ura ma ba ta cika ganin komai ba. Ƙayar kifi siririya ce, kuma ba ta kai ƙashin kaza ko na dabba tauri ba, saboda haka inuwarta ba ta fita sosai. Shi ya sa ko a manyan masana'antu akan ɗebi samfuri daga kayan da aka gama a sake dubawa da hannu.

Ma'aunin Da Duniya Ta Yarda Da Shi

Akwai wata hukuma mai suna Codex Alimentarius, wadda hukumar abinci da ta lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa a 1963 domin tsara ƙa'idojin cinikin abinci tsakanin ƙasashe, Nijeriya kuma tana cikinta. A 1995 wannan hukuma ta fitar da ƙa'idar daskararriyar salar kifi. Ƙa'idar ta nuna cewa idan an rubuta a jikin kwali babu ƙaya, aka kuma sami fiye da ƙaya ɗaya a cikin kilo guda wadda tsawonta ya kai milimita 10 ko kaurinta ya kai milimita 1, to wannan samfuri ya faɗi. Milimita 10 kuwa bai wuce faɗin farcen ƙaramin yatsa ba. Ƙa'idar ta kuma ce a daskarar da kifin har sanyinsa ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri, a kuma riƙe shi a haka wajen ajiya da wajen sufuri.

Abin lura a nan shi ne, ƙa'idar ba ta ce sai da wane inji ba. Sakamako take nema. Wanda ya cire ƙayarsa da hantsaki da wanda ya cire da injin miliyoyi, a gaban ma'auni ɗaya za su tsaya. Wannan shi ne ƙofar da ta rage a buɗe ga ƙananan masu sana'a.

Darasi Daga Tarwaɗa Da Giwan Ruwa

Sai dai cire ƙaya kaɗai ba ya kai kifi kasuwa, sai an sami wanda zai shaida an cire, an kuma yi aikin cikin tsabta. Nijeriya ta ɗanɗana wannan. A shekarar 2016 ƙasar Amurka ta mayar da binciken tarwaɗa da danginta hannun ma'aikatar gonarta, ta kuma nemi kowace ƙasa mai kai mata wannan kifi ta kawo takardun da za su nuna tsarin bincikenta ya yi daidai da nata. Hukumomin ƙasar nan ba su cika wannan sharaɗi ba, sai a 2018 aka rufe wa busasshiyar tarwaɗar Nijeriya ƙofa. A 2019 Amurka ta tabbatar da ƙasashe uku da suka cika sharaɗin: Sin da Tailan da Biyetnam. Masu kiwo da masu banda da suka zuba jari domin 'yan Nijeriya mazauna can suka wayi gari babu kasuwa, ba don tarwaɗarsu ta ruɓe ba, don babu shaidar hukuma a bayanta.

Darasi na biyu daga gabashin Afirka yake. Giwan ruwa ba ɗan asalin tafkin Biktoriya ba ne, a shekarun 1950 aka zuba shi a ciki, ya hayayyafa. Ƙasashen Yuganda da Kenya da Tanzaniya suka kafa masana'antu a bakin tafkin suna sale shi suna ɗora wa jirgin sama zuwa Turai. A 1999 Tarayyar Turai ta hana shigar da kifin tafkin saboda rahoton cewa wasu masunta suna kamu da guba. Masana'antu suka tsaya, ma'aikata da yawa suka rasa aiki. Ƙasashen nan uku suka tashi tsaye, suka gyara wuraren sauke kifi, suka inganta ɗakunan gwaji, suka tsananta bincike, a cikin shekarar 2000 aka ɗage hanin. Kifin da Bature yake ci a can da cokali mai yatsu, shi ne dai giwan ruwan da Bahaushe ya sani tun kaka da kakanni a Kwara da Binuwai.

Labarin gubar nan ya kamata ya tsaya wa masuntan Arewa a rai. An daɗe ana kuka a ƙasar nan da masu zuba gamalin da sauran magungunan ƙwari a ruwa, da kuma masu jan koma mai ƙananan idanu wadda ba ta barin ko 'ya'yan kifi. Sala ba ta fita daga ƙaramin kifi. Ruwan da aka kwashe 'ya'yansa bana, baɗi ba zai ba da abin salewa ba.

Lissafin Riba Da Hasara

Kada a ɗauka wannan sana'a ce ta kwana ɗaya a yi kuɗi. Karfasa idan aka sale ta, abin da yake fita bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyinta ba. Watau sai an sayi kilo uku kafin a sami kilo ɗaya na sala. Idan aka zubar da ragowar, dole kuɗin sala ya ninka na ɗanyen kifi fiye da sau uku kafin a fara zancen ladan ma'aikata da ƙanƙara da mota. Amma a nan ƙasar nan ta fi Turai sa'a, domin kan kifi da ƙashin bayansa suna da masu so. Farfesun kan tarwaɗa ba ya kwantai a Gombe ko a Ikko. Hanji da sauran tarkace kuma ana busar da su a niƙa a zuba cikin abincin kaji da na kifi. Wanda zai ci riba shi ne wanda ya samo wa kowane sashe na kifin mai saye tun kafin ya sa wuƙa.

Sa'an nan gaskiya ce yawancin 'yan ƙasar nan sun fi son kifinsu da kansa da wutsiyarsa, wasu ma suna ganin kifin da babu kai abin tuhuma ne. Kasuwar sala ƙarama ce, amma mai tsada: otal-otal, gidajen cin abinci, manyan kantuna na Ikko da Abuja da Fatakwal, da kuma gidajen da suke da ƙananan yara ko tsofaffi ko marasa lafiya. Masu irin wannan saye suna da sharaɗi ɗaya, shi ne kayan jiya da na yau su zama iri ɗaya. Mai otal ɗin da baƙonsa ya shaƙe sau ɗaya ba zai sake karɓar kayan wannan dillali ba.

Babban cikas shi ne sanyi. Kifin da aka cire wa fata da ƙashi ya fi ɗanyen kifi saurin lalacewa, domin wuƙa ta buɗe tsokarsa ga iska da ƙwayoyin cuta. A watannin Maris da Afrilu zafin Gombe yakan kusanci digiri 40. Ba tare da ƙanƙara tun daga bakin kwalekwale ba, da ruwa mai tsabta, da wutar da ba ta yankewa, duk gwanintar wuƙa ta tashi a banza. Abin takaici, ita kanta madatsar Dadin Kowa da aka tanada domin ta ba da lantarki, wanda yanzu aka ƙayyade megawat 40, sai da ta yi fiye da shekara 30 kafin a fara samun wuta daga gare ta. Wannan ya isa ya nuna dalilin da ya sa masunci ya dogara ga hayaƙi da rana. Banda ba ta bukatar lantarki.

Injin hoton ƙashi kuwa, a halin da ake ciki ba na Hammadu Kafi ba ne. Da kuɗin waje ake sayensa, da kuɗin waje ake gyaransa, kuma ba ya biyan kansa sai a masana'antar da take sarrafa tan-tan a kowace rana. Amma tebur na ƙarfe marar tsatsa, da wuƙa mai kaifi, da hantsaki, da teburin haske wanda kafinta da mai gyaran wuta za su iya haɗawa, da firjin daskarewa mai aiki da hasken rana, waɗannan ba su fi ƙarfin ƙungiyar mutum goma ko ashirin ba. Gwanintar wuƙa kuwa ba sai an je nema ba. Mahaucin da yake sale naman kilishi har ya zama kamar takarda, yana tsince jijiya da kitse ɗaya bayan ɗaya, hannunsa ya riga ya san rabin aikin.

Idan Ta Maƙale A Maƙogwaro

Kafin a kai ga kasuwa, akwai maganar gida. Ƙayar kifi tana cikin abubuwan da likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suka fi cirowa daga wuyan mutane. Yawanci takan soke ne a gefen maƙogwaro ko a gindin harshe, inda likita zai iya ganinta da fitila ya zare cikin ɗan lokaci. Al'adar da aka saba da ita, ta haɗiye lomar tuwo ko burodi ko ayaba don a tura ta, likitoci suna hani da ita, domin tana iya nutsar da ƙayar cikin nama ko ta tura ta ƙasa zuwa hanyar abinci. Idan ta huda wannan hanya sai wurin ya yi ƙurji ya tara mugunya, abin da yake iya kaiwa ga rasa rai. Cusa yatsa ma haka.

Wanda ciwon bai lafa masa ba, ko ya kasa haɗiye yawu, ko ya ga jini, ko zazzaɓi ya biyo baya, ko numfashinsa ya sarƙe, asibiti ne wurinsa ba tare da jinkiri ba. A Gombe akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya. Mazauna Idi-Araba a Ikko suna maƙwabtaka da asibitin koyarwa na Jami'ar Ikko, na Sabo a Badun kuma ba su da nisa da na Jami'ar Badun. Ya kamata kuma a sani cewa hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna ƙayar kifi, saboda dalilin nan da ya sa take ɓuya wa injin masana'anta. Don haka idan hoto ya fito fes amma ciwo yana nan, a koma wa likita.

Ga yara ƙanana, uwa ta murtsuke kifin da yatsunta a wuri mai haske kafin ta ba su, kada a ba yaro shawa ko kawara a cikin duhu lokacin da aka ɗauke wuta. Kifin gwangwani shi kam ƙayarsa ta riga ta yi laushi saboda zafin da aka dafa shi da shi, ana cinye ta, tana ma ƙara wa ƙashi ƙarfi.

Abin Da Ya Rage A Yi

A shekarar 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙirƙiro sabuwar ma'aikata ta harkokin teku da arzikin ruwa, daga baya aka mayar da sashen kula da kifi ƙarƙashinta. Aikin da yake gabanta ya wuce kirga jiragen da suke shigowa Apapa. Ƙasar nan tana bukatar jami'an bincike waɗanda za su riƙa zuwa wuraren sauke kifi na cikin ƙasa, da takardar shaida wadda ƙasashen waje za su yarda da ita, don kada abin da ya faru a 2018 ya maimaita kansa. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da kwalejinta a New Bussa ta Jihar Neja, akwai kuma cibiyar binciken teku a Ikko, wadda aka kafa a 1975. Ilmin yana nan, sai dai bai isa bakin Gongola yadda ya kamata ba. Gwamnatin Jihar Gombe da Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, wadda take kula da madatsar, su ne ya kamata su haɗa kai wajen samar da rumfar sauke kifi mai ruwan famfo da injin ƙanƙara, su kuma hana guba da ƙaramar koma.

Amma ba komai ne za a jira hukuma a kansa ba. Tun da aka kafa Sabo ta Badun a 1916, cinikin goro da na shanu tsakanin Arewa da Kudu a kan amana ya tsaya: fatoma a wannan gefe, mai kaya a wancan, kowa ya san wanda zai kama idan kaya ya ɓaci. Haka albasa da tumatir suke isa Mil 12 har yau. Salar kifi tana bukatar wannan amanar, da ƙarin abu biyu, watau lambar hukumar NAFDAC a jikin leda, da littafin da ake rubuta ranar da aka kama kifi da ranar da aka sale shi da sunan wanda ya duba. Ɗan Gombe da yake zaune a Agege ko Obalende, wanda ya san ƙofar bayan otal ya kuma san abin da mai dafa abinci yake nema, shi ne ya fi kowa cancantar ya kai wannan labari gida, ya fara da kwali biyu ko uku na gwaji kafin a yi zancen cika mota. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu suna da rawar da za su taka wajen haɗa masu jari da masu ruwa.

Idan aka yi haka, matasan unguwanni irin Hammadu Kafi za su sami sana'a a ƙofar gida, masunci zai sayar da babban kifinsa da daraja, mai suyar bakin hanya kuma za ta sami kai da ƙashin baya da arha. Idan kuwa aka bari, wata rana wasu za su zo daga nesa su kafa teburin, su sayi kifin Gongola a ɗanye, 'yan gida su koma ɗaukar musu kaya. Allah ya sa a farga da wuri.